Gudun Safe a Zangon Kumasi: Abin da Ke Riƙe Ƙungiya da Abin da Ke Watsa Ta

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa zuwa awon jini a wurinmu, ka ji abin da mukan faɗa wa kowa: ka rage gishiri, ka sha maganinka kullum, ka riƙa motsa jiki. Biyun farko mutane sukan gwada. Na ukun yakan tsaya a bakin ƙofar asibiti. Mutum ya amsa da to, ya koma gida, ya yi tafiyar safe kwana uku. Rana ta huɗu sai ya ga maƙwabta sun fara tambayarsa ko akuya ce ta ɓace masa. Kunya ta kama shi, ya bari. Na yi shekara ashirin ina aikin jinya, na kuwa ga haka sau da yawa.

Abin da mutum ɗaya yake jin nauyin yi, jama'a sukan yi shi da dariya. Saboda haka a wannan ɗan littafi zan kai ka Kumasi, a ƙasar Ghana, inda talakawa suke haɗa kansu su fita gudu da sassafe ba tare da kowa ya biya su ba. Za mu duba yadda suke yi, da wahalar da ke cikin riƙe irin wannan ƙungiya, domin in kun tashi kafa taku a ƙauye ko a ikilisiya, kada ta mutu a wata na uku.

Ina ne Zangon Kumasi?

Ka san zango a Hausa: wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana. Tun fiye da shekara 200 fataken ƙasar Hausa suke bin hanyar Gwanja su sayo goro daga dajin Asante. Babbar kasuwarsu a lokacin ita ce Salaga. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu. Bayan Turawan Ingila sun shiga Kumasi a 1896, aka kuma gama yaƙin 1900, hanya ta buɗe har cikin garin. Jirgin ƙasa ya iso a 1903. Daga baya mutanen arewa suka yi ta gangarowa neman aiki a gonakin koko. Inda baƙi suka sauka, nan ya zama zango, ko Zongo a bakin mutanen Ghana.

Yau Kumasi ce birni na biyu a Ghana bayan Akra, unguwannin zango kuma suna da yawa: Aboabo, Asawase, Sabon Zongo, Akwatia Line, Sawaba, Moshie Zongo da sauransu. Akwai Hausawa, Mosawa, Dagwamba, Zabarmawa, Fulani, Wangarawa, Yarabawa, da Farafara. Yawancinsu Musulmi ne, akwai Kirista kuma a cikinsu. Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da bakin titi. Gidaje a matse suke, iyali da yawa a tsakar gida ɗaya, filin wasa kuwa kaɗan ne. Ka riƙe wannan, gama shi ya sa titi ya zama filin motsa jikinsu.

Safiyar Lahadi

Ina da ƙanwa da ke aure a Aboabo, na taɓa yin makonni a wurinta. Lahadin farko, gari bai gama wayewa ba, sai na ji usur da tafi da waƙa suna matsowa. Na leƙa. Mutane ne cikin riguna iri ɗaya kamar anko, suna gudu a hankali, sahu biyu-biyu. Ɗaya yana ba da waƙa, saura suna amsawa. Irin wannan waƙa ta tafi da kiɗa a can ana ce mata jama. Wani yana gaba yana tsai da motoci, wani yana can baya tare da waɗanda suka gaji.

A Ghana ana kiran waɗannan ƙungiyoyi Keep Fit, wato masu riƙe lafiyar jiki. Suna ko'ina a ƙasar, a Akra da Kumasi da Tamale da ƙananan garuruwa. Kowace tana da sunanta da launin rigarta. Sukan taru a wata mararraba, su bi titi, su ƙare a filin makaranta ko a gefen babban filin ƙwallo na Baba Yara, su yi miƙe-miƙen jiki, sa'an nan su watse. Wannan fili sunan wani shahararren ɗan ƙwallon Asante Kotoko ya ci, ɗan Kumasi, wanda hatsarin mota ya naƙasa shi a 1963, ya rasu a 1969.

Yawancin ƙungiyoyin ba su tsaya ga gudu kaɗai ba. In an yi wa ɗayansu rasuwa ko haihuwa, sukan je tare, su yi gudummawa. Waɗansu sukan fita yashe kwata, waɗansu su je asibiti ba da jini. Wannan zumunci shi ne yake ta da mutum daga shimfiɗa ranar da jikinsa ba ya so.

Me ya sa za a yi gudu, ba kuwa abin da ya koro mutum?

Mai zama a rumfa a kasuwar Kejetia, da tela, da direba, da mai sayar da abinci, duk sukan yini a zaune ko a tsaye wuri ɗaya. Jikin da ba ya motsi yakan tara kitse, jijiyoyin jini su yi tauri, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Daga nan hawan jini da ciwon sukari suke samun ƙofa. In awon jininka ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa a wata rana aka sami haka, to hawan jini ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu wannan ciwo ba su san suna da shi ba, gama ba ya zafi. Sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta lalace kafin a sani.

Hukumar ta ba da ma'auni mai sauƙi: babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri ta isa, ba lalle sai gudu ba. Mai hawan jini da ya riƙe wannan yakan ga lambar sama ta awonsa ta sauka da misalin 5 zuwa 8. Sukari yakan fi daidaita, barci ya yi daɗi, damuwa ta ragu.

Wataƙila ka ce, ni manomi ne, fartanya ta ishe ni. Gaskiyarka, a damina. Wanda ya yini yana huɗa ko noma ba ya bukatar gudu. Amma ka lissafa watannin rani da kake yi a gindin bishiya. Ka tuna rabonka da zuwa kasuwa da ƙafa tun da babur ya shigo gida. Ka duba malamin makaranta, da mai shago, da mai injin niƙa, da tsohon ma'aikaci da ya dawo gida, da uwar da 'ya'ya da jikoki suka karɓe mata daka da ɗiban ruwa. Su ne muke gani a layin awon jini.

Wa ke ɗauke da kayan?

Mai kallo daga bakin titi yana ganin masu gudu ne kawai. Bai ga wanda ya tashi tun ƙarfe huɗu yana buga wa mutane waya ba, ko wanda ya zaga jiya da yamma ya duba hanya, ko wanda ya sayo ruwan leda, ko mai riƙe da littafin kuɗi. Duk waɗannan aikin sa kai suke yi. Suna da shago da iyali kamar kowa. Ranar da suka gaji, ko aiki ya kai su wani gari, ƙungiya takan tsaya cak, ko da mutum hamsin ne a cikinta.

Na san wannan domin ya faru da ni. Da na komo daga Kumasi, na tara mutum ashirin da 'yan kai daga masu zuwa awo, muka fara tafiyar safe sau uku a mako. Ni nake tashe su, ni nake ɗaukar na'urar awon jini, ni nake sayen ruwa da kuɗina. In wani ya ce zai taimaka, sai in ce ya bari, ba komai. Muka yi wata huɗu lafiya. Sai mahaifiyata ta kwanta ciwo, na tafi jinyarta mako biyar. Da na dawo, ba ko mutum ɗaya a wurin taruwa. Ba wanda ya yi faɗa da wani. Kowa ya jira ni ne, gama ban taɓa ba kowa wani aiki ba. Bayan wata takwas ɗaya daga cikin dattawan da muke tafiya tare, wanda awonsa ya riga ya fara sauka, aka kawo shi a mota hannunsa na dama ba ya motsi. Ya daina tafiya, ya kuma daina zuwa awo, maganinsa ya ƙare bai sabunta ba. Ban ce rashin tafiyar ne kaɗai ya jawo ba. Amma da ƙungiyar tana nan, da wani ya lura da shi tun da wuri.

A Ingila ma an gane haka. Ran 2 ga Oktoba 2004 wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt ya tara masu gudu 13 a wani lambu da ake kira Bushy Park a Landan. Shi kansa yana da rauni a lokacin, sai ya tsaya yana riƙe musu agogo. Abin ya girma ya zama parkrun: kilomita 5 kowace Asabar da safe, kyauta, a ƙasashe fiye da 20, har da Afirka ta Kudu tun 2011. Kowane mako sukan rubuta ayyukan da ake bukata, mutane su ɗauka ɗaya-ɗaya. In masu aikin sa kai ba su cika ba, akan soke gudun wannan mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a Landan ne.

Saboda haka tun ranar farko ku raba aiki. Mai tashe mutane dabam, mai jan gaba dabam, mai tsaron baya dabam, mai ruwa dabam, mai littafi dabam. Kowane aiki ya sami mutum biyu da suka iya shi. Ku riƙa juyawa bayan wata uku. Wanda ya kafa ƙungiya ya riƙa ɗaukar hutu da gangan, ya ga ko za ta fita ba shi.

Kuɗi

Ƙungiyoyin Kumasi sukan karɓi kuɗin wata, su ɗinka riguna, su tara na gudummawa. Amfaninsa a fili yake, haɗarinsa ma haka. Sa'ad da aka ce sai mai riga da kambas zai shiga sahu, an kori gwauruwa da ɗan koyon sana'a, su ne kuwa ba su da kuɗin asibiti in ciwo ya zo. Sa'ad da kuɗi ya taru a aljihun mutum ɗaya ba rubutu, zargi yakan shigo, ko da mutumin nan mai gaskiya ne. Akwai kuma rigimar gudummawa: an ba wane da yawa ranar bikinsa, ni aka ba ni kaɗan ranar rasuwar babana.

Tafiya da ƙafa ba ta cin ko kwabo. Ku bar shiga kyauta. Kowa ya zo da rigar da yake da ita, da ruwansa a gora. In kuna so ku yi asusu, ku ware shi dabam, mai so ya shiga. Ma'aji ya riƙe kuɗi, wani dabam ya riƙe littafi, a karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen wata. A rubuta tun farko nawa za a bayar ga haihuwa, nawa ga rasuwa, domin kada a yanke shi ranar da zukata suke da zafi.

Lokaci

A Kumasi zaɓen rana ba ƙaramin aiki ba ne. Asabar ranar manyan jana'izu ce a ƙasar Asante, ga kasuwa. Lahadi ce motoci suke raguwa a titi, amma Kirista suna da sujada, yaran Musulmi suna da makarantar allo, bukukuwan aure a zango kuma sukan faɗo a ranar. Mafita ita ce sassafe: a fita bayan sallar asuba, a watse da wuri yadda mai zuwa sujada zai yi wanka ya isa a kan kari. In azumi ya zo, tilas a sake tsari, ko a rage, ko a koma tafiya marar nisa bayan shan ruwa.

Ga kuma yanayi. Kumasi tana da damina biyu a shekara, babba da ƙarama, rafin Aboabo kuwa yakan cika ya shiga gidaje. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan sauko. A 2020 cutar korona ta sa aka hana taro, aka rufe Kumasi da Akra mako uku tun daga 30 ga Maris. Kowane irin tsaiko jarrabawa ne ga ƙungiya, gama tsayawa ba wuya, sake tashi ne aiki.

Ku ma kuna da naku: shuka, noma, girbi, ranar kasuwa, taron Zumuntar Mata, koyon waƙa. Ku zauna da kalanda tun farko. Ku sa rana da sa'a da wuri guda waɗanda ba sa canzawa, domin kada kowa ya bukaci tambaya. In za ku tsaya don damina, ku faɗi ranar komowa tun kafin ku tsaya, a sanar da ita a ɗakin sujada da masallaci. Ku kuma tuna, fita sau ɗaya a mako ba ta cika minti 150. Ranar babban taro a bar ta, amma maƙwabta biyu ko uku su riƙa fita tare a sauran kwanaki.

Hanya

Titunan zango ba su da wurin masu tafiya da ƙafa. Akwai kwata a buɗe, akwai motocin haya da suke kira trotro, akwai keke mai ƙafa uku da suke kira pragya, duk cikin duhun asuba. Shi ya sa ƙungiya mai tsari take sa mutum gaba da baya, da usur da riga mai haske. A ƙauye abin tsoron dabam ne: babur marar fitila, kare, maciji a ciyawa, rami, wani wuri kuma rashin tsaro. Ku zaɓi hanyar da kowa ya sani, kusa da gari. Kewaya filin makaranta sau goma ya fi shiga daji. In kan titin mota kuke, ku bi gefen da za ku fuskanci motar da ke zuwa. Ku riƙe tocila. Ku gaya wa mai unguwa ko dagaci da 'yan sintiri kafin ku fara, domin taron mutane da asuba yakan tsorata gari in ba a san dalilinsa ba.

Wa ke sa saurin tafiya?

Nan ne ƙungiyoyi da yawa suke ɓata. Samari suna gaba suna tsere, mai ƙiba da dattijo da mai jego suna baya suna haki. Mako biyu, na baya sun daina zuwa. Sai a wayi gari ƙungiyar ta zama ta masu lafiya zalla, waɗanda aka kafa ta dominsu suna gida. A parkrun akwai wanda aikinsa ke nan, ya zama na ƙarshe, domin kada wani baƙo ya ji kunyar zama kurar baya. Ku yi haka. Ku raba sahu biyu, masu gudu da masu tafiya, amma a tashi tare, a gama a wuri ɗaya. Ma'aunin sauri shi ne numfashinka: in kana iya magana amma waƙa tana yi maka wuya, ka yi daidai. In ba ka iya haɗa kalma uku, ka rage. Sannu ba ta hana zuwa.

'Yar'uwa, na san naki nauyin ya fi. A zango na ga mata suna tafiya da hijabi da dogon wando a ƙarƙashin zane, ba abin da ya rage su. Amma da yawa ba sa fita, saboda koko da ƙosai na kan wuta, ko yara na shirin makaranta, ko maigida bai yarda ba, ko tsoron bakin mutane. Inda haka yake, mata su yi sahunsu, mace ta ja su, a sa'ar da ta dace da su, ko da da la'asar ne. Dattawa su yi wa mazaje magana. Maigida, ka lissafa kuɗin jinyar shanyewar jiki, ka gwada da rabin sa'ar da matarka za ta yi a waje.

Abin da ake ci bayan an gama

Mutanen Ghana da kansu sukan yi wa ƙungiyoyin Keep Fit ba'a a kan wannan. A yi gudun sa'a ɗaya, sa'an nan a zauna a ci omo tuo, wato tuwon shinkafa, da nama da man ja, waɗansu har su bi da giya. A zango giya ba ta cika shiga ba, amma akwai waakye, wato shinkafa da wake, da soyayyen nama, da lemon kwalba, da shayi mai sukari cokali huɗu. Cin abinci tare ba laifi ba ne, yana ma ƙara zumunci. Sai dai abin da aka ƙone a sa'a ɗaya ana iya mai da shi a minti goma. Ku sha ruwa. Ku ci abinci irin na kullum, daidai ciki. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

'Yan siyasa

A Ghana, in zaɓe ya matso, manyan jam'iyyu sukan shirya tattakin lafiya, su raba riguna masu hoton ɗan takara. Ƙungiyar da take da mutane a shirye kowace Lahadi, ido yana kanta. Kyautar riga da ruwa tana da daɗi. Amma ranar da kuka sa rigar jam'iyya, rabin mutanenku za su zauna a gida, bayan zaɓe kuma mai kyautar ba zai sake waiwayarku ba. Ku rubuta a dokarku cewa ba a kawo tutar jam'iyya, ba a kuma tambayar mutum addininsa ko ƙabilarsa. Hawan jini ba ya tambaya.

Kafin ka fara

Ka zo a auna jininka tukuna, musamman in ka wuce shekara 40, ko kana da ƙiba, ko akwai hawan jini ko sukari a gidanku. In awonka ya kai 180 bisa 110, kada ka fara sai an saukar da shi da magani. Motsa jiki ba ya maye gurbin magani. Kada ka daina sha don ka ji ƙarfi a jikinka, sai in likita ne ya rage maka.

Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari, kada ya fita da yunwa. Ya riƙe ƙwayar sukari ko alewa a aljihu. In ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi, ko jiri, ya tsaya ya sha nan take. Ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana. Mai sikila ya yi tafiya kawai, ya sha ruwa da yawa, kada ya kai ga gajiya. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, ya huta ranar da hazo ya yi kauri. Mace mai ciki tana iya tafiya a hankali in an duba ta a wurin awo an ce ba matsala. Mai zazzaɓi ya zauna a gida sai ya warke.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, a tsaya, a kai mutum asibiti ba jinkiri:

- ciwo ko nauyi a ƙirji, ko wanda ke sauka hannu ko muƙamuƙi
- numfashi ya ƙi komowa bayan an huta
- suma, ko jiri mai tsanani
- baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta sarƙe

Ƙungiya ta san tun farko babur ko motar wa za a kira.

In kun tashi kafa taku

Kada ku jira mutum hamsin. Mutum biyar ko shida sun isa. Ku zauna, ku sa rana da wuri, kowa ya ɗauki aiki ɗaya, a rubuta a littafi. Makon farko ku yi minti 15, ku riƙa ƙara minti biyar kowane mako har ku kai 30. Ku roƙi ma'aikacin lafiya mafi kusa da ku ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata ya auna jinin kowa, a rubuta a katinsa. Mutum in ya ga lambarsa tana sauka da idonsa, ba sai an roƙe shi ya fito ba.

A littafin nan kuma ku riƙa rubuta wanda ya zo. Wanda aka rasa sau biyu a jere, a tura mutum gidansa, ba da faɗa ba, a gaishe shi, a tambayi lafiyarsa da maganinsa. A cikin dukan ayyukan ƙungiya, wannan ne na fi so ku riƙe.

Mun sake kafa tamu. Yanzu mutum shida ne suke riƙe da ita, ni kuwa aikina awo ne kawai, ranar Asabar ta farko a wata. Bara na yi tafiyar mako uku, na dawo na tarar sun ƙaru da mutum huɗu. Dattijon nan ma yana zuwa, da sanda, jikansa yana riƙe da shi. Shi ne yake sa mana saurin sahun baya. In kana so ka ga yadda muke yi, ko kana so a zo a auna mutanenku ranar da za ku fara, ka yi wa nas magana sa'ad da ka zo karɓar magani.